Awa ɗaya daga Kano zuwa Abuja: lissafin da bai san da mutumin Gwarzo da Kabo ba

Duk wanda ya taɓa duba tikitin jirgin sama daga Kano zuwa Abuja zai ga tazarar da ke tsakanin lokacin tashi da na sauka ba ta wuce awa ɗaya ba, ko ta gota da 'yan mintoci. Wannan adadi ya zauna a bakin jama'a har ya zama tamkar ma'aunin nisan da ke tsakanin Jihar Kano da fadar gwamnatin tarayya. Ɗan siyasa kan karya kumallo a Kano, ya halarci zama a Abuja da hantsi, ya dawo ya yi sallar isha'i a gidansa. Amma ga mazaunin Gwarzo ko Getso, Kabo ko Garo, awa ɗayan nan ɗan yanki ce kawai na tafiyar da kan cinye rabin yini.

Wannan bayani zai warware yadda ake auna nisa tsakanin filayen jirgin sama biyu, da dalilin da ya sa lokacin da ke kan tikiti ya sha bamban da wanda matafiyi ke kashewa a zahiri. Zai kuma nuna inda mafi yawan lokacin ke salwanta, domin a nan ne aikin gwamnati da na wakilan jama'a yake.

Nisan sama da nisan ƙasa

Idan aka ja miƙaƙƙen layi a bisa doron duniya daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 365. Shi ne adadin da manhajojin lissafin nisa ke bayarwa. Sukan ɗauki matsayin kowane fili a taswira, su lissafa mafi gajeriyar tazara tsakaninsu, tare da la'akari da cewa duniya a mulmule take.

Jirgi ba ya bin wannan layi daidai wa daida. Yana tashi ne ta fuskar da iska ta ba da dama, sannan ya juya ya hau ɗaya daga cikin hanyoyin sama da aka tsara, ƙarƙashin umarnin jami'an Hukumar Kula da Sararin Samaniya ta Najeriya, wato NAMA. Idan ya kusa sauka kuma, yakan yi kewaye domin ya daidaita da titin da zai sauka a kai. Saboda haka abin da jirgi ke ci a zahiri yakan ɗara kilomita 365.

A ƙasa kuwa, tagwayen hanyar da ta taso daga Zuba ta bi ta Kaduna da Zariya ta shiga Kano tsawonta kusan kilomita 376 ne. Idan aka ƙara abin da ke tsakanin Zuba da tsakiyar birnin Abuja, tafiyar kan haura kilomita 400. Bambancin nisan sama da na ƙasa tsakanin biranen biyu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba su shi ne gudu, da kuma halin da hanya ke ciki.

Me ya sa kilomita 365 ke cin awa ɗaya?

Jirgin fasinja mai injin jet, irin su Boeing 737 ko Airbus A320, yana gudun da ya ɗan haura kilomita 800 a awa idan ya daidaita a can sama. Da a ce da wannan gudu zai yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe, bai fi minti 27 zai ɗauka ba. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Yana buƙatar lokaci ya haura, yana buƙatar lokaci ya sauko, kuma a ƙa'idar da aka saba bi a ƙasashe da dama, jirgin da ke ƙasa da ƙafa 10,000 ba ya wuce gudun kusan kilomita 460 a awa. A gajeriyar tafiya irin ta Kano zuwa Abuja, jirgin bai daɗe da gama hawa ba zai fara shirin sauka. Shi ya sa zaman da fasinja ke yi a sama kan kama daga minti 40 zuwa 50. Jirage masu farfela, irin su ATR 72, gudunsu bai wuce kilomita 500 da ɗoriya a awa ba, don haka sukan ɗan fi daɗewa.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya fi wannan tsawo, domin kamfanoni na fara ƙirge ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya yi lodi zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. Ciki har da gangarawa zuwa bakin titi, da jiran izinin tashi daga hasumiya, da gangarawa bayan sauka. Waɗannan mintoci ba sa raguwa komai gajartar tafiya.

Kwatanci zai ƙara fito da batun. Daga Kano zuwa Filin Jirgin Sama na Murtala Muhammed da ke Legas kimanin kilomita 835 ne, wato ya ninka na Abuja fiye da sau biyu, amma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, ninki tara na Abuja, amma alhazai kan yi ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar idan hanya a buɗe take. Gwargwadon tsawon tafiya, gwargwadon ribar da jirgi ke bayarwa. A gajeren zango ribar kan ragu ƙwarai, kuma abin da ke faruwa a ƙasa kafin tashi da bayan sauka shi ke yanke hukunci.

Daga ƙofar gida a Gwarzo

A ɗauki misalin matashiyar da ta kammala digiri, tana zaune a garin Gwarzo, aka kira ta ganawar ɗaukar aiki a wata ma'aikatar tarayya da ke tsakiyar Abuja. Ta yanke shawarar bin jirgi don kada ta makara.

Gwarzo na kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, Kabo kuma kimanin 50. Hanyar ta biyo ta Rimin Gado da Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero kafin ta shiga Kabuga. Filin jirgin kuwa yana can arewa maso gabashin tsohon birni, don haka dole matafiyin da ya fito daga yamma ya keta cikin gari, ya yi fama da cunkoson Adaidaita Sahu da manyan motoci kafin ya kai. Idan motar haya ce, akwai jiran ta cika a tasha, akwai kuma sauya abin hawa idan an shigo gari. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ƙiyasi ne mai sauƙi ga wannan zango.

Kamfanonin jirage kan buƙaci fasinjan cikin gida ya iso tun da sauran awa ɗaya da rabi ko biyu, domin tantance tikiti da auna kaya da binciken tsaro, kuma sukan rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi. Sai awa ɗaya ta tafiyar kanta. Sai kimanin rabin awa na fitowa daga jirgi da jiran kaya. Filin jirgin Abuja kuma yana da tazarar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birnin, abin da kan ci minti 45 zuwa awa ɗaya a mota. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya haɗa filin da cikin gari, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024, amma shi ma yana da nasa lokutan tashi da sai an jira.

Idan aka tara, daga ƙofar gida a Gwarzo zuwa ƙofar ofis a Abuja ya kama awa biyar da ɗoriya zuwa shida da rabi, idan komai ya tafi yadda aka tsara. Zaman da ta yi a sama bai kai kashi ɗaya cikin shida na wannan lokaci ba.

Akwai wani abin lura da taswira ke nunawa. A miƙe, garin Gwarzo ya fi filin jirgin Kano kusa da Abuja: tsakaninsa da filin jirgin Abuja kimanin kilomita 330 ne, tsakaninsa da tsakiyar birnin kuma kimanin 320. Ma'ana, matashiyar nan ta kashe awa biyun farko tana ƙara nisanta da inda za ta. Idan aka raba kilomita 320 da awa biyar da rabi, matsakaicin gudun tafiyarta bai kai kilomita 60 a awa ba, gudun da babur mai lafiya ke yi a kan kwalta.

Abin da ke ƙara tsawaita tafiya

Lissafin da ya gabata na ranar sa'a ne. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara kan rage nisan da matuƙi ke iya hange. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin hangen da aka yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin saukar da jirgi da aka girka masa da kuma ƙwarewar da aka tantance matuƙin da ita. Idan hazo ya yi kauri fiye da haka, sai a jinkirta tashi, ko a soke, ko a karkatar da jirgin zuwa wani gari. Da damina kuma hadari da guguwa ke yin irin wannan aiki.

Akwai kuma jinkirin da ke fitowa daga tsarin kamfanoni. Jirgi ɗaya kan yi zango da yawa a yini, misali Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, Kano zuwa Abuja. Idan ya makara a zangon safe, makarar kan bi shi har dare, tana ƙaruwa. Rahotannin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ke fitarwa sun sha nuna cewa dubban tafiye-tafiyen cikin gida ne ke jinkiri a kowace shekara.

Fasinja yana da haƙƙi a nan, kuma da yawa ba su sani ba. Sashe na 19 na dokokin NCAA ya wajabta wa kamfani ya bayyana dalilin jinkiri. Idan jinkirin tafiyar cikin gida ya kai awa biyu, fasinja na da haƙƙin abin taɓawa da damar sadarwa. Idan ya wuce awa uku, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin tikitinsa in ya so. Idan ya kai shi cikin dare tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 4 na asuba, akwai haƙƙin masauki da abin hawa. Ga wanda gidansa ke Nasarawa ko Bompai, soke tafiya ɓacin rai ne kawai. Ga wanda ya taso daga Gwarzo tun asuba, yana nufin kwana a gari ko komawa kilomita 70 cikin duhu, ga kuma ganawar da ta wuce shi.

Siyasa da yaƙi ma na sauya tsawon hanyar sama. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, wanda ta cikinsa miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta ratsa. Jiragen alhazan Najeriya na wannan shekara sun yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Nisan da ke taswira bai sauya ba ko da taku ɗaya, amma lokaci da farashi sun sauya.

Su wa ke cikin jirgin?

Kano ta daɗe da sanin jirgin sama. A watan Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Birtaniya guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a birnin. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila ta Kano, kuma shekaru da dama filin ya kasance zangon jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Shekara ɗari bayan saukar farko, jirgi bai zama abin hawan talaka ba.

A watan Fabrairun 2022 kamfanonin cikin gida suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000. Bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, tikitin zuwa kaɗai kan haura naira 100,000 a lokuta da dama. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kano kuma ta tsayar da nata a 71,000. Wato ƙaramin ma'aikacin ƙaramar hukumar Kabo zai iya ba da albashinsa na wata sukutum bai sayi kujera ɗaya ta zuwa Abuja ba, balle dawowa. Manomin da zai bi takardar ɗansa, da ɗalibar da za ta je tantancewa, da majinyacin da aka tura Babban Asibitin Ƙasa, kusan duk a mota suke tafiya. Su ne mafi rinjaye, kuma tafiyarsu ta dogara ne kacokan a kan hanya.

Hanyar da ta ƙi ƙarewa, dogon da ake jira

A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano a kan kimanin naira biliyan 155, aka fara aiki a 2018. A 2021 aka faɗaɗa aikin zuwa sake gini baki ɗaya, kuɗin ya koma kusan naira biliyan 797. Ɓangarorin Kaduna zuwa Zariya da Zariya zuwa Kano sun yi nisa, amma na Abuja zuwa Kaduna ya tsaya, har a watan Nuwamban 2024 Ma'aikatar Ayyuka ƙarƙashin Minista David Umahi ta soke kwangilar wannan ɓangare bayan saɓani kan farashi, daga baya aka miƙa shi ga wani kamfani.

Lissafin abin da hanyar za ta iya bayarwa ba shi da wuya. Kilomita 376 a matsakaicin gudun kilomita 90 a awa tafiyar awa huɗu da 'yan mintoci ce. A shekarun da aka kwashe ana haƙa da karkatar da motoci hannu ɗaya, matafiya kan yi awa shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Mutumin Gwarzo yana da zaɓin bi ta Dayi da Malumfashi da Funtuwa ya faɗa Zariya ba tare da shiga Kano ba, sai dai fargabar 'yan bindiga a kudancin Katsina ta sa da yawa ke kaffa-kaffa da wannan hanya, musamman da yamma.

Layin dogo shi ne abin da zai fi sauya lissafin. Na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, ya fara aiki a Yulin 2016. Harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi har zuwa Disamban wannan shekara. Ci gabansa daga Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 203, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ne ya aza harsashinsa a Yulin 2021, kuma ƙarancin kuɗi ya yi ta jan ƙafarsa. Idan layukan biyu suka haɗe, kusan kilomita 390 ke nan, wanda jirgin ƙasa mai matsakaicin gudun kilomita 100 a awa zai cinye cikin kusan awa huɗu, ba tare da jiran hazo ya washe ba, kuma da fasinjoji ɗaruruwa a tashi guda.

Wasu ƙasashe sun riga sun gwada. A Maroko, jirgin ƙasa mai saurin gaske da aka buɗe a Nuwamban 2018 ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka daga kusan awa biyar zuwa awa biyu da minti goma. A Faransa, dokar da ta fara aiki a Mayun 2023 ta hana jigilar jiragen sama tsakanin wasu biranen da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Dalilinsu na muhalli ne, amma tushen lissafin ɗaya ne da namu: a zangon 'yan ɗaruruwan kilomita, dogo mai kyau yana gogayya da jirgin sama idan aka ƙirga daga ƙofa zuwa ƙofa.

Ko da an kammala dogon, mutumin Gwarzo da Kabo sai ya fara kai kansa tasha. Wannan ya dawo da batun kan hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, hanyar gwamnatin tarayya da aka ba da aikin mayar da ita tagwaye, da kuma ƙananan hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da ita. Duk mintin da aka rage a wannan zango riba ce ga mai zuwa filin jirgi, da mai zuwa tashar dogo, da mai kai tumatur kasuwar 'Yankaba, da mai naƙudar da aka garzaya da ita Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wa ya kamata a tambaya?

Yankin ba ya rasa murya a sama. Gwarzo da Kabo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta tarayya. Suna cikin mazaɓar Kano ta Arewa, wadda sanatanta, Barau Jibrin, ɗan asalin Kabo, ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a Yunin 2023. Gwarzo ta fitar da mataimakan gwamna, ta kuma fitar da minista. Matashin da ke son bin diddigi yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, muddin ya san wace tambaya ce ta wace ƙofa.

Sufurin sama da manyan hanyoyin tarayya na hannun gwamnatin tarayya, kuma 'yan majalisar tarayya ne ke amincewa da kasafinsu da sa ido a kan aiwatarwa. Tambayar da ta dace da su ita ce nawa aka ware wa hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi da dogon Kaduna zuwa Kano a kasafin bana, nawa aka saki a zahiri, kilomita nawa aka kammala, kuma wace rana ce ɗan kwangila ya sa hannu zai miƙa aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman waɗannan amsoshi a rubuce, ta kuma ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa.

Gwamnatin jiha ita ke da alhakin cunkoson cikin birni da tsarin motocin haya. Tun bayan gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023, jihohi ma sun sami ikon shimfiɗa layin dogo a cikin iyakokinsu, don haka ba za a ƙara cewa batun na Abuja ne kaɗai ba. Ƙananan hanyoyin karkara kuwa akasarinsu na ƙananan hukumomi ne, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Idan ɗan takara ya zo Gwarzo ko Kabo neman ƙuri'a, ya ce ya kusanto da yankin ga Abuja, akwai ma'auni mai sauƙi da za a gwada maganarsa da shi: awa nawa motar haya ke yi daga tashar Gwarzo zuwa Kabuga a ranar da ya hau kujera, awa nawa take yi yau, kuma nawa ne kuɗin kujera a lokutan biyu. Direbobin tashar sun san amsar.